Invincible a Prime Video: Katun Ne, Amma Ba Na Yara Ba

Duk wanda zai sayi data don ya kalli Invincible, ya fara sanin wannan: kada a miƙa wa yaro waya a ce ai katun ne. Shirin na manya ne. Akwai jini, akwai karyewar ƙashi, kuma ba a kau da kyamara.

An ɗauko labarin daga littafin zane na Robert Kirkman, wanda ya fito daga 2003 zuwa 2018. Prime Video ta fara nuna shi a Maris 2021. Zango na ɗaya zuwa na uku kashi takwas-takwas ne, kowane kashi wajen minti 45 zuwa 50. Akwai kuma kashi na musamman kan Atom Eve, ɗaya daga cikin jaruman shirin, da ya fito a Yulin 2023, a kalle shi tsakanin zango na ɗaya da na biyu.

A sauke cikin dare lokacin da netwok ya sake, a zaɓi matsakaicin inganci. Mafi ƙanƙanta yana jagwalgwala faɗan da aka yi cikin duhu, mafi girma kuwa ɓarnar data ce a fuskar waya. A kunna rubutun ƙasa, domin rabin daɗin shirin a cikin maganganu yake. Masu karɓa a wurin masu tura fim, daga Kasuwar Barci har Kawo, su duba abu biyu kafin su bar shagon: jerin lambobin kashi, da ƙarshen kowane fayil. Wasu kwafin an datse musu wutsiya don rage nauyi, alhali shirin ya saba ɓoye muhimmin abu bayan an fara jero sunaye. A kashi na farko ma, sai mutum ya ɗauka an gama sannan Omni-Man, mahaifin jarumin shirin, ya hallaka tawagar jarumai masu kare duniya, Guardians of the Globe. Wanda bai ga wannan ba, labari daban yake kallo.

Daga nan akwai tonon silili, wanda bai kai zango na uku ba ya dakata.

Abin da ya sa shirin ya ci kuɗinsa shi ne musun da yake haddasawa a majalisar samari: wane ne bos, wane ne jarumi? Batun Omni-Man mai sauƙi ne. Ya yi shekaru yana yi wa daular Viltrum, wata duniyar da ya fito daga cikinta, leƙen asiri, ya kashe abokan aikinsa, ya riƙe ɗansa Mark, wato Invincible, a gaban jirgin ƙasa a Chicago mutane suna tarwatsewa a jikinsa. Nadamar da ya nuna daga baya ba ta dawo da ko mutum ɗaya ba. Masu cewa ya tuba a ƙyale shi, galibi guntun bidiyon TikTok suka kalla.

Inda gardamar take da nama shi ne tsakanin Mark da Cecil Stedman, shugaban hukumar tsaron duniya. Cecil ya ɗauki D.A. Sinclair aiki, mutumin da ya riƙa sace ɗalibai yana mayar da su inji, Cecil ɗin ya kuma saki Darkwing na biyu, wani jarumi da ya koma kashe masu laifi, duk da kisan da ya yi. Mark ya ce wurinsu kurkuku. Cecil ya ce ranar da Viltrum ta iso, da wa za a tare ta? Kashi na biyu na zango na uku ya nuna shi kansa Cecil ya taɓa harbe wasu tubabbun miyagu biyu da maigidansa ya ɗauka aiki, har ya yi zaman gidan yari a kai. Ke nan fushin Mark ba baƙo ba ne a wurinsa.

A ganinmu Cecil ya fi hujja kan amfani da tubabbu, musamman da yake Mark ya sassauta wa mahaifinsa, wanda laifinsa ya ninka na Sinclair nesa ba kusa ba. Amma dasa wa Mark na'urar ƙara a cikin kai ba da saninsa ba cin amana ne. Yaron da ya kusa mutuwa a hannun ubansa don ya kare duniya, shi aka fara shirya wa makami. Tsoron Cecil yana da dalili, tunda Nolan, wato Omni-Man, ya yaudare shi, sai dai dabarar ce ta raba kan Guardians a lokacin da aka fi buƙatarsu.

Powerplex, wani abokin gabar Mark a zango na uku, shi ma ya cancanci a tsaya masa. 'Yar'uwarsa da 'yarta sun mutu a faɗan Chicago, ya nemi a hukunta Mark ba wanda ya saurare shi. Ƙorafinsa gaskiya ne, ko da ya ɗora laifin inda bai dace ba, kuma neman fansar ya ƙare da mutuwar matarsa da ɗansa a hannunsa.

Aibin shirin a zane yake. Manyan faɗace-faɗace, irin na Mark da Conquest, mayaƙin Viltrum, a ƙarshen zango na uku, an zuba musu aiki, amma a wasu wuraren hira baki kawai ke motsi. Zango na biyu kuma ya cika ƙananan labarai da ke jan ƙafa, kodayake wanda ya tsallake su zai rasa asalin ƙarar da Cecil ya yi amfani da ita a kan Mark.