Sharhi Kan Taswirar Bango Ta Matakan Sararin Samaniya

Taswirar nan ta ci kuɗinta, domin ta jera matakai biyar na iskar da ta lulluɓe duniya da manyan haruffa da ake karantawa daga nesa. Abin da ya fi burge ni shi ne jan layin da ke nuna zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace kilomita a matakin farko, sannan ya ƙaru a na biyu, inda iskar ozon ke tsotse hasken rana mai ƙuna. Sai dai ba a nuna cewa ƙasa ce ke fara ɗumama kafin ta ɗumama iskar da ke taɓa ta ba, kuma wannan babban giɓi ne ga ɗalibi. Takardar tana da kauri, amma sheƙinta yana kashe ido.