Hive da wa'adin kwana bakwai: yadda na same shi a matsayin mai rubutu

Duk wanda ya tambaye ni ko ya buɗe asusu a Hive, nakan ce masa ya buɗe, amma ya shiga da sanin cewa kowane rubutu da ya ɗora kwana bakwai kacal gare shi na neman kuɗi. Da zarar sun cika, a daidai sa'ar da ka wallafa shi, sai a lissafa abin da ƙuri'un masu karatu suka tara, a raba, a rufe lissafi. Rubutun yana nan daram, kowa na iya karanta shi bayan shekaru, amma ko mutum dubu ne suka danna masa ƙuri'a a rana ta takwas, ko sisi ba za ta shigo ba.

Ga wanda bai san shi ba, Hive dandalin rubutu ne da aka gina a kan bulokcen, wato kundin da kwamfutoci da yawa suke riƙe da kwafinsa, ba mutum ɗaya ba. Asalinsa daga Steem ne, wanda Ned Scott da Dan Larimer suka kafa a 2016. Da Justin Sun, mai tsarin kirifto na Tron, ya sayi Steemit, kamfanin da ya gina Steem, a Fabrairun 2020, rigima ta ɓarke, wasu daga cikin jama'ar suka ɓalle ranar 20 ga Maris na shekarar suka kafa Hive. Wa'adin nan gadonsa suka yi. A farkon Steem ana biya ne bayan kwana ɗaya, sannan a sake biya bayan kwana 30. A 2017 aka dunƙule su wuri guda, suka koma kwana bakwai.

Kuɗin ba daga talla yake zuwa ba, kuma ba daga aljihun mai ƙuri'a yake fita ba. Tsarin ne yake ƙirƙiro sabbin HIVE, kuɗin kirifto na dandalin, kullum yana zubawa a asusun lada, masu ƙuri'a kuma su nuna inda za a kai shi. Nauyin ƙuri'ar mutum gwargwadon Hive Power ɗinsa ne, wato jarin da ya kulle a ciki, shi ya sa ƙuri'ar babba guda takan fi ta ƙanana ɗari. Rabin ladan na marubuci ne, rabi na waɗanda suka zaɓe shi. Kason marubuci yakan zo kashi biyu: HBD, wanda aka ɗaura darajarsa da dala, da kuma Hive Power, wanda cire shi gaba ɗaya kan ɗauki mako 13.

Akwai abin yabo, kuma ba kaɗan ba. Tura kuɗi kyauta ne, cikin daƙiƙa uku ya isa. Cikin manhajojin shiga Hive, Ecency na tafiya lafiya a waya, PeakD kuma ya fi daɗi in kana kan kwamfuta kana gyaran dogon rubutu. Ba wanda zai ce sai ka tara mabiya dubu kafin a fara biyanka kamar yadda YouTube yake shardantawa a kan kuɗin talla. Rubutunka na farko ma na iya kawo wani abu. Ga mai kashe naira, ɗan HBD ɗin da yake shigowa yakan sayi data, wani lokaci har da canji.

Sai dai kwana bakwan nan ma a takarda suke. A aikace kwana ɗaya ne. Tun 2021 ƙa'idar ita ce wanda ya kaɗa ƙuri'a cikin sa'a 24 na farko yana cin kasonsa cikakke, wanda ya zo cikin kwana biyun da suka biyo baya a raba nauyinsa biyu, wanda ya makara fiye da haka a raba shi takwas. Ga shi ƙarfin ƙuri'a ba ya da yawa: kowace cikakkiyar ƙuri'a na cin kashi 2 cikin 100, abin da yake dawowa a rana kashi 20 ne, ka ga ƙuri'a goma ke nan a yini. Wa zai ɓarnatar da ɗaya a kan rubutun da ya kwana huɗu, alhali ga sabo nan da zai ba shi riba ninki takwas? Ban ga laifinsu ba, lissafi ne. Amma sakamakonsa shi ne in ka wallafa da daddare, ka wayi gari ba babban da ya leƙo, to kusan ka san ƙarshen zancen.

Rubutun da na fi wahala a kansa shi ne na ajiye wake a buhun PICS, buhun nan mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Na ɗauki hoton kowane mataki. Yadda ake shanya waken har sai ka ciza ka ji ya ce ƙas, yadda ake hura ledar a duba ko akwai huji, yadda ake danne iskar a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun. Har na nuna dalilin ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera, domin huji ɗaya ya isa ya ba ƙwari iskar da za su rayu. Abin da ya tara a makonsa bai taka kara ya karya ba. Amma duk kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai tambayoyi su dawo a ƙarƙashinsa. Wani ya ce Malam, masara fa? Wata ta ce in an buɗe buhun an ɗiba, ana iya sake ɗaurewa? Waɗannan ta Google suka zo, ko wani ya tura musu a WhatsApp. Su ne ainihin waɗanda na rubuta domin su, kuma ba su iso ba sai da aka daɗe da rufe lissafi.

A watan da na wallafa na waken kuma na ɗora hoton masa da miyar taushe da 'yan layuka, wani mai jari ya gifta cikin sa'o'in farko, ya danna. Ya ninka na waken sau da yawa. Yau ba mai neman sa.

Tsarin mai shuka alayyafo yake biya, mai dasa mangwaro kuwa sai dai ya ji ana yaba inuwa. Kuma marubuta ba wawaye ba ne, suna ganin inda kuɗi yake. Mutumin da ya iya rubuta cikakken bayani guda a kan gyaran injin ban-ruwa sai ya yanka shi gida biyar, kowane yanki da nasa makon, mai karatu ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Wani ya koma labarin yininsa, abin da ya ci, inda ya je, gasar mako, farashin kirifto ya hau ko ya sauka. Ba haramun ba ne, wasu ma suna da daɗin karatu. Amma dandalin da yake alfahari da cewa abin da aka rubuta ba ya ɓacewa, shi ne kuma yake koya wa mutane rubuta abin da ba a buƙatarsa jibi.

Mai rubutu da Hausa abin ya fi shafarsa. Masu manyan ƙuri'u akasarinsu ba sa jin Hausa, ba za su zaɓi abin da ba su iya karantawa ba, don haka dole ka haɗa da fassarar Turanci in kana son a kula ka a ranar farko. Masu jin Hausar kuwa a hankali suke zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar bincike. Da yake bayanin irin wannan da Hausa bai da yawa a intanet, rubutu mai kyau yakan daɗe ana samun sa. Wato inda muka fi ƙarfi, nan ne ba a biya.

Na fahimci hujjar masu kare wa'adin. Asusun lada guda ne, kuma yana da iyaka. In aka bar tsofaffin rubuce-rubuce a buɗe har abada, mai jari zai iya komawa can ƙasa inda ba mai dubawa ya yi ta zaɓar kansa, kuma masu ƙuri'ar ragi, wato ƙuri'ar da take rage ladan rubutu, waɗanda suke tsare asusun daga irin wannan, ba za su iya sa ido a kan miliyoyin rubutu ba. Sabon shiga ma da ƙyar zai samu wuri. Hujja ce mai ƙarfi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce daga kwana bakwai sai har abada, babu komai a tsakani. Steem da kansa ya taɓa gwada biya na biyu.

Akwai dabarun da ake yi. Kowane sharhi da aka rubuta a ƙarƙashin tsohon rubutu yana da nasa kwana bakwan, don haka in na amsa tambayar mai masara, yana iya zaɓar amsar. Sai dai sabon asusu ƙuri'arsa ba ta da nauyi, kuma abin da bai kai santi biyu na dala ba, ba a biyan sa. Mai karatu na iya turo kyauta kai tsaye, amma wanda ya zo daga Google yawanci ba shi da asusun ma. Sake ɗora tsohon rubutu kamar sabo kuwa jama'ar wurin ba sa so, yana iya jawo maka ƙuri'ar ragi.

Yanzu ga yadda nake yi. Dogon bayani mai daɗewa ina ajiye shi a Hive saboda ba zai ɓace ba kuma ana iya gyara shi ko bayan wa'adi, amma ba na sa rai da kuɗinsa. In kaka ta zo, sai in rubuta sabo gajere da abin da ya ƙaru, kamar amsar tambayar sake ɗaure buhu da sababbin hotuna, in sa mahaɗin tsohon a ciki. Ina kuma wallafawa da yamma, lokacin da Turai ba su kwanta ba, Amurka kuma sun tashi.