Hular kwano ta jika 18 da ta jika 3: wadda na saya a Maradi da dalilina

A layin masu kayan babur da ke gefen Babbar Kasuwa akwai wani shago da ya fi maƙwabtansa tara hular kwano. Iri uku ne a rataye. Akwai ƙarama mai rufe tsakar kai kawai, jika 3, wato CFA 3,000. Akwai mai saukowa ta rufe kunne da ƙeya amma fuska a buɗe, wajen jika 9 idan an yi ciniki. Sai mai rufe kai duka har haɓa, wadda aka ce mini jika 22, na taya, muka tsaya a 18. Ita na saya, ita kuma zan ce wa duk mai hali ya saya. Ta jika 3 kuwa ko kyauta aka ba ka, rana kaɗai za ta tare maka.

Aikina jinya ne, a ɗakin da ake fara kawo waɗanda suka yi hatsari, don haka ba launi ko sheƙi na fara dubawa ba. Duk wadda na kifa a kai, sai in kai yatsa gefen kaina, tsakanin wutsiyar ido da kunne, in ji ko wurin ya rufu. A nan ƙoƙon kai ya fi ko'ina rashin kauri, kuma daidai ƙarƙashinsa wata jijiyar jini ta ratsa, manne da ƙashin, irin jijiyoyin da ke kawo jini kai tsaye da ƙarfin bugun zuciya. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini yana taruwa tsakanin ƙashi da kakkauran tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiran wannan zubar jini efidural. Ƙoƙon kan babba ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. Duk jinin da ya taru a ciki, wurin ƙwaƙwalwa yake ci.

Abin da ke sa wannan ya yi ta cinye samarinmu shi ne yaudararsa. Wasu daga cikin masu irin wannan rauni sukan suma na ɗan lokaci, su farfaɗo, su miƙe su kakkaɓe riga. An taɓa kawo mana wani ɗan kabu-kabu da akuya ta gitta wa a hanyar Tibiri. Da ƙafarsa ya shigo, yana ta faɗan wanda zai biya masa fitilar babur, ɗan kumburi ne kawai a saman kunnen dama. Yayansa ya ce mini, “Malam, a wanke mishi ciwon gwiwar mu tahi, kai lahiya lau yake.” Muka roƙe su su dakata. Kafin la'asar ya yi amai sau biyu, ya fara maimaita tambaya ɗaya, barci na fizgarsa. Da na haska masa tocila, baƙin tsakiyar idon dama ya buɗe ya fi na hagu, ba ya tsukewa, hannun hagu kuma ya saki. Jinin ne ya turo ƙwaƙwalwa har ta danne jijiyar da ke tsuke ido, kuma abin da ke biye da wannan shi ne danne tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, an buɗe an kwashe jinin a kan lokaci. Da sun tafi gida ya kwanta, da an ce barci yake yi.

To ta jika 3 ɗin nan a saman kunne ta tsaya, wato ta bar gefen kan nan marar kauri a fili. Na juya cikinta. Roba ce falle ɗaya da ɗan ƙyalle mai soso, na matse ta da hannu biyu gefe da gefe suka kusa haɗuwa. Igiyar haɓa da ƙusa ɗaya ta roba aka riƙe ta. Na tambayi mai shagon, dattijo ne mai fara'a, ko da ita zai bar ɗansa ya hau hanyar Ɗan Isa. Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, wagga ta kare baki ce, don kada a ce ba ka saka ba. In ta kai kake so, ga ta can sama.” Wannan amsar ce ta sa na zauna a shagon. Bai ɓoye mini ba, kuma ya bar ni na zare rufin ciki na kowace hula na duba, abin da wani mai shago a layin ya hana ni, wai zan ɓata masa kaya.

Abin da ake nema a ƙarƙashin rufin shi ne farin abin nan mai tauri marar nauyi, wanda ake samu cikin kwalin sabon talabijin ko firji. Mutane na ɗauka ƙwarin bayan hula ne ke ceto. Bayan yana hana dutse huda kai, yana kuma baza bugun, amma farin nan shi ke ainihin aikin: yana murƙushewa, sai kan ya tsaya a hankali maimakon ya tsaya cak. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, taushinta bai fi na awarar da ba a soya ba, kuma cikin ruwa take a cikin ƙoƙon. Idan kai ya bugi kwalta ya tsaya nan take, ita ba ta tsaya ba. Sai ta bugi ƙashi ta gaba, ta koma ta bugi na baya, shi ya sa za a bugu a ƙeya amma a tarar da ƙujewa da taruwar jini a goshin ƙwaƙwalwa. Ƙananan jijiyoyin da suka tsallaka daga samanta zuwa tantanin su ma suna iya tsinkewa, jini ya malale a ƙarƙashin tantanin. Wannan shi ne sabdural. A wurin tsofaffi yakan zo a sannu, domin ƙwaƙwalwarsu ta ɗan motse, jijiyoyin sun miƙe. Tsoho ya faɗo daga bayan babur yau, sai bayan makonni ya fara mantuwa da jan ƙafa, iyali su ce tsufa ne ko iska, alhali jini ne da za a iya zuƙewa ta ƙaramin huji.

A cikin ta jika 18, farin ya kai kaurin yatsu biyu a sama, ya sauko har gefen kunnuwa da ƙeya, akwai shi kuma a cikin sandar haɓa. A jikin igiyar an ɗinke wani ɗan farin ƙyalle mai da'ira da harafin E da lamba a ciki, alamar ƙa'idar Turai ta ECE 22. Lambar da ke ƙasa ta fara da 05, ta ƙare da harafin P, ma'ana an gwada sandar haɓar tana karewa. J na masu buɗaɗɗiyar fuska ne. Sabuwar ƙa'idar da 06 take farawa. Ban ɗauki ƙyallen a matsayin rantsuwa ba, don a shagon kansa na ga wata da aka manna wa tambari a baya alhali cikinta fayau. Tambari a manne kowa na iya bugawa. Farin abin nan da igiya su ne ba a iya yi musu ƙarya.

Igiyar da ƙusoshin ƙarfe aka kafe ta, maɗaurin yana yin ƙas idan ya shiga. Na ɗaure, na bar wurin yatsu biyu a ƙarƙashin haɓa, na ce wa yaron shagon ya kama ta baya ya turo gaba da ƙarfinsa. Ba ta fita ba. Wannan gwajin ya kamata kowa ya yi, domin hular da ba a ɗaure ba tana rabuwa da kai tun mutum yana sama, kafin ya iso ƙasa. Sau da yawa ƴan kwana-kwana kan kawo mana mutum da fasasshen kai, su ajiye hularsa lafiya lau a gefen gado.

Aibinta na farko zafi. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ƙofofin iskar da ke goshi da haɓa ba sa aiki sai ana gudu. Tsayuwa a cunkoson bakin tasha azaba ce. Baƙa da ja kawai ya kawo, da fara ce da ta fi sauƙi. Rufin ciki yana cirewa a wanke, wannan ya taimaka. Gilashin fuska ya karce da wuri saboda ƙurar hunturu, idan ka goge shi a bushe ka gama da shi, da dare kuma fitilun motoci na watsuwa a kansa. Shagon ba ya sayar da gilashin canji, kuma wannan babban gibi ne. Tana rage jin sauti kaɗan, amma ina jin oda. Sai matsalar ranar Juma'a: hular kwano ba ta zama daidai a kan zanna, dole ka cire taka ka sa a jaka, in ba haka ba ta yi sama ta bar gefen kunnen da aka saye ta dominsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a shagon shi ne wasu na hannu da aka jera a ƙasa, jika 6, masu kyan suna. Ɗaya na da gogewar kwalta a gefe, da na danna farin abin da ke cikinta a wurin, ya riga ya lotse. Wannan farin sau ɗaya yake aiki. Hular da ta taɓa cin bugu mai ƙarfi ta gama, ko bayanta na sheƙi. Na faɗa wa dattijon, ya ce haka aka kawo su cikin dila. Bai musa ba, bai kuma janye su ba.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarun baya sun ce saka hula yadda ya dace na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Ragewa ce, ba kawarwa ba. Akwai raunin da ke zuwa idan kai ya murɗa da ƙarfi, siraran zaren da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa su tsittsinke, mutum ya yi doguwar suma alhali hoton farko bai nuna jini mai yawa ba. Babu hular jika 18 da za ta hana wannan idan gudu ya yi yawa. Don haka ko da hula aka faɗi, a sa ido: suma ko ta minti ɗaya ce, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa, barcin da ba a iya tayarwa, jijjiga, ruwa garai ko jini daga hanci ko kunne, baƙi kewaye da idanu ko bayan kunne. Ko ɗaya aka gani, asibiti, kuma kada a tsaya a kan hoton radiyo, ƙashi kawai take nunawa. Sikana, wato na'urar hoton cikin kai, ita ke ganin jini. Kada a ba shi asfirin ko diklofenak na ƴan tebur, suna ƙara zubar jini. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, ba a fizge masa hula, ba a naɗe shi a cusa a adaidaita wuya na lilo, don karayar wuya kan zo tare da bugun kai.

Wanda kuɗinsa bai kai 18 ba, ta jika 9 tana da farin abin nan na gaske kuma ta rufe kunne da ƙeya, haɓa da haƙora ne dai a waje. Kafin ka je, ka sa tela ya auna maka kai da tef daga saman gira ya zagayo: santimita 57 zuwa 58 yawanci M ne, 59 zuwa 60 L. Sabuwa ta kamata ta ɗan matse kumatu. Shagon daga M zuwa sama kawai yake da su, don haka maiɗakina, wadda ke hawa baya kullum, ba ta samu daidai kanta ba, balle yaran da ake kaiwa lakwal uku-uku a babur ɗaya. Dattijon ya rubuta awon kanta a bayan kwali, ya ce zai tambayi mai kawo masa kaya daga Kano.