Kulob ɗin golf ɗinmu: gasa ta yi, zaman tare da sauran gyara

Idan kyawun fili kawai mutum yake nema, akwai wuraren da suka fi kulob ɗinmu nesa ba kusa ba. Ramukanmu 18 ne, biyu daga cikinsu sun matsu da juna har kullum sai ka ji ana ihun a duƙa ƙwallo na tafe, ramin yashin da ke gaban rami na 7 kuwa da zarar an yi ruwa sai ya koma kududdufi. Duk da haka kowace shekara ina sabunta rajistata ba tare da dogon tunani ba, kuma abin da ke riƙe ni shi ne jadawalin gasa da ake maƙalawa a allon sanarwa. A nan kulob ɗin ya ciri tuta. Ɓangaren zumunci ne nake da ƙorafi a kansa, zan zo wurin.

Wanda bai taɓa riƙe sandar golf ba zai yi mamakin yadda dattijon da ƙafarsa ke ciwo yake karawa da saurayin da ke cilla ƙwallo har ta ɓace wa gani, kuma dattijon ya tafi gida da kofi. Handikaf ne ya kawo haka, rangwamen bugu da ake yi wa kowa gwargwadon ƙwarewarsa. Tun 2020 hukumomin nan biyu da ke kula da dokokin wasan, R&A da ke St Andrews a Scotland da USGA ta Amurka, suka haɗe tsare-tsaren da ake da su zuwa tsari ɗaya na duniya. Ana duba sakamakonka 20 na baya-bayan nan, a ɗauki 8 mafiya kyau, a fitar da matsakaicinsu. Sabon shiga yana samun nasa bayan ya miƙa katin makinsa na ramuka 54, kuma rangwamen yana iya kaiwa har 54. Kulob ɗinmu yana bin wannan tsarin sau da ƙafa. Ka gama wasa, ka shigar da makinka a kwamfutar da ke bakin ofis ko ta wayarka, washegari ka tarar lissafinka ya motsa. Ba a taɓa barin katina ya kwana a aljihun tebur ba.

Gasa iri biyu ce ke cika mana wata. Akwai medal, wadda ake ƙirga kowane bugu daga ramin farko zuwa na ƙarshe, ba sani ba sabo. Ka yi bugu 11 a rami ɗaya, 11 ɗin za a rubuta, kuma haka za ka yi ta jan su har ka gama. Ranar medal ko gaisuwa a taƙaice ake yin ta. Sai kuma Stableford, wadda ita ce ta fi jama'a. Wani likita ne, Dakta Frank Stableford, ya tsara ta, aka fara gasa da tsarin a kulob ɗin Wallasey da ke kusa da Liverpool a Ingila a 1932, filin da iska ke wahalar da 'yan wasa. Maki ake tarawa: ka cika rami da adadin bugun da aka ƙayyade masa bayan an cire rangwamenka, maki 2, ka ƙara bugu ɗaya, maki 1, ka rage ɗaya, maki 3. Ramin da ya ƙi ka, sai ka sunkuya ka ɗauki ƙwallonka ka wuce, ba ka samu komai ba amma ba ka rasa yinin ba. Wanda ya yi wasa daidai da handikaf ɗinsa zai tashi da maki wajen 36. A ganina wannan likitan ya yi wa masu koyo alheri fiye da duk masu ƙera sanduna, kuma na yaba wa kwamitinmu da suka sa Stableford ta fi medal yawa a jadawali.

Wadda ke riƙe da duk wannan aiki ita ce sakatariyar gasa, wata baiwar Allah mai gilashi a ƙarshen hanci, wadda ke zama a ƙaramin tebur kusa da akwatin kati. Ba ta karɓar katin da babu sa hannu biyu, naka da na wanda ya rubuta maka maki. Na ga wani babban mutum, wanda a wajen kulob ba a ja da maganarsa, ya miƙa kati ya juya zai tafi, ta ce masa, "Ranka ya daɗe, a rami na 12 an rubuta maka 5, ka tabbata?" Ya tsaya, ya ɗaga kai yana ƙirgawa da yatsu, ya ce 6 ne. Ta miƙa masa biro ya kira abokin wasansa aka gyara. Da ya bar shi a 5 ya wuce, doka ta ce an kore shi daga gasar, don duk wanda ya miƙa adadin da ya gaza abin da ya buga, hukuncinsa ke nan. Idan kuma sama aka rubuta maka, haka zai zauna, kai ka jiyo. Abin da ya sami Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina ke nan a babbar gasar Masters ta Amurka a 1968: ya yi 3 a rami na 17, abokin wasansa Tommy Aaron ya rubuta masa 4, ya sa hannu bai duba ba, sai Bob Goalby ya ɗauki gasar da tazarar bugu ɗaya, alhali da an yi kunnen doki. Sakatariyarmu tana son ba sababbin mambobi wannan labari, kuma yana shigar su.

In aka yi kunnen doki a wurinmu, ba a komawa fili. Ana duba ramuka 9 na ƙarshe, in ba a rabu ba 6, sai 3, sai na ƙarshe. An rubuta wannan ɓaro-ɓaro a allo, shi ya sa ban taɓa ganin an yi cacar baki a kai ba.

Inda ake cacar baki shi ne kan masu kiwon handikaf. Kowane kulob yana da su, namu ma bai tsira ba. Mutum ne zai yi ta miƙa katuna marasa kyau a ranakun da ba komai, rangwamensa ya yi ta hawa, ranar babbar gasa kuma sai ka ga ya tashi da maki 44 yana cewa sa'a ce. Tsarin duniya ya yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa. Idan lissafinka ya haura mafi ƙanƙantar da ka taɓa kaiwa cikin shekara guda da fiye da bugu 3, hawan yana ragewa, kuma ba zai wuce 5 ba ko ta halin ƙaƙa. Wanda ya yi wasan da ya fi handikaf ɗinsa da bugu 7 ko fiye, ana ƙara zaftare masa. Amma lissafi ba ya ganin zuciya, kwamiti ne ke da ikon kiran mutum a zauna a duba tarihinsa, kuma namu kwamitin yana jin nauyi. Suna sane da mutum biyu ko uku da kowa ke gunaguni a kansu, sun bar maganar tana yawo a tebur-tebur. Wannan rauni ne, kuma yana kashe wa masu gaskiya gwiwa.

Gasar da na fi ƙauna ita ce ta sili-ɗaya-ƙwale da ake yi tsawon watanni, mutum da mutum, rami-rami. Ba a ƙirga jimillar bugu. Wanda ya ci rami ya ci, a wuce na gaba. Ana ba ku wa'adi, ku nemi juna ku sa rana. A nan ne za ka san halin mutum. Ƙwallonka na tazarar taku ɗaya da rami, abokin karawarka yana da damar ya ce ɗauka na bar maka, ko ya yi shiru ya harɗe hannu yana kallon sama. Akwai wani dattijo a wurinmu da zai yi ta bar maka irin waɗannan tun daga farko, har ka saki jiki, sai an zo rami na 16 wasa ya yi zafi ya ƙi cewa uffan, kai kuma hannunka bai saba ba tun safe. Ba haramun ya yi ba, dabara ce, kuma bayan an gama shi ne zai fara miƙo maka hannu yana dariya. Gasar 'yan bibbiyu ta bugun karɓa-karɓa, inda mutum biyu ke amfani da ƙwallo ɗaya, ita kuma tana gwada aure da abota. Ma'aurata da yawa a kulob ɗin sun yanke shawarar kowa ya nemi wani abokin.

Yanzu ga inda nake da magana. Zauren kulob, wanda 'yan golf ke kira rami na 19, wuri ne mai daɗin zama: baranda tana kallon rami na ƙarshe, kujeru masu taushi, allunan katako da aka rubuta sunayen zakarun shekaru da ruwan zinariya, ma'aikata masu fara'a da ke riƙe sunan mutum. Sai dai teburan suna da masu su, ko da yake ba a rubuta ba. Na kusa da taga na waɗanda suka daɗe ne, kuma su ne dai ke kame lokutan safiyar Asabar minti kaɗan bayan an buɗe rajista, su huɗu-huɗu, kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Sabon mamba zai biya kuɗinsa cif, a yi masa maraba da baki, sannan ya buɗe jadawali ya tarar babu gurbi sai da rana tsaka, shi kaɗai. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Ba dai wanda ya ce zo mu buga. Na san mutanen kirki da suka yi shekara ɗaya suka sulale saboda wannan kawai.

Abin haushin shi ne kulob ɗin yana da maganin a hannunsa. Ranar Laraba ana yin wasan ƙuri'a: kowa ya zo ya jefa ƙwallonsa a hula, a zaro, duk wanda ka faɗa da shi da shi za ka yi awa huɗu. A ranar ne za ka ga malamin makaranta da ɗan kasuwa da likita mai ritaya da ɗalibi suna neman ƙwallo ɗaya a cikin ciyawa, kuma in aka dawo zaure tare suke zama, don akwai abin da za a yi wa juna tsiya a kai. Haka ma ranar sikirambul, inda 'yan ƙungiya huɗu kowa zai buga, a zaɓi bugun da ya fi kyau, kowa ya sake bugawa daga nan. Mai koyo zai iya zura ƙwallo ɗaya mai nisa ya zama gwarzon yini. Ana jera ƙungiyoyi a ramuka daban-daban, a busa ƙaho kowa ya fara lokaci guda, a gama lokaci guda, zaure ya cika maƙil. Duk abokan da na yi a kulob ɗin nan ta waɗannan ranaku biyu na same su. Me zai hana a mayar da ko da Asabar ɗaya a wata ta zama ta ƙuri'a? An kawo shawarar a babban taron shekara, masu teburin taga suka ce a bar wa kwamiti ya duba. Har yau ana dubawa.

Batun mata ya fi da kyau, amma da saura. Suna da cikakken matsayin mamba, suna da kyaftin ɗinsu, suna zaɓe. Wanda ya san tarihin wasan ba zai raina wannan ba, don kulob ɗin Augusta National na Amurka sai a 2012 ya karɓi mata, kulob ɗin Royal and Ancient na St Andrews a 2014, na Muirfield da ke Scotland kuma sai da aka sake ƙuri'a a 2017. Amma babbar gasar matanmu har yanzu safiyar Talata take, lokacin da duk mai aikin ofis tana bakin aikinta. Yara kuwa an yi musu gata: kocin kulob yana koyar da su a ƙarshen mako, akwai sandunan aro, kuma wanda ya samu handikaf ana barin sa ya shiga gasar manya.

Jan ƙafa a fili ma matsala ce, musamman ranar medal. Dokokin 2019 sun rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓata daga minti 5 zuwa 3, sun halatta a bar tuta a cikin rami yayin zurawa, sun ba da shawarar kada bugu ya wuce daƙiƙa 40, kuma wanda ya shirya ya buga ba sai an jira na nesa ba. Duk an manna wannan a ramin farko. Amma mai sintirin fili ɗaya ne, kuma ba ya iya ce wa manya su matsa. Zagayen da ya kamata a gama cikin awa huɗu yakan doshi biyar.

Bikin raba kyaututtuka na ƙarshen shekara yana da armashi, in ka cire jawabin kyaftin da ba ya ƙarewa da wuri. Abin da ya fi burge ni shi ne ana kiran masu gyaran fili da masu ɗaukar jaka a gaban kowa a yaba musu, kuma suna da gasarsu ta kansu, wadda in ka kalla za ka gane wasu daga cikinsu sun fi yawancin mambobi iya wasa.

Ga mai son gasa ta gaskiya, mai tsari, wadda sakamako ke fita a ranar, ina ba shi shawarar ya shigo. Mai neman abokai ma ya shigo, amma kada ya zauna jiran gayyatar Asabar: ya zo ranar Laraba kafin a zaro ƙuri'a, ya sa sunansa a gasar sili-ɗaya-ƙwale tun shekararsa ta farko ko da zagayen farko za a fitar da shi, ya kuma tambayi sakatariya ko akwai ƙungiyar sikirambul da ke neman na huɗu, don kusan kullum akwai.