Ukulelen maɗaci da aka yi mini a Kano

Sai da na bari ta ga hunturu ɗaya kafin in ce komai a kanta. Ukulele ce ƙarama, wadda ake kira sofrano: tsawonta inci 21, tsirkiya huɗu, sai ka ce jitar da ba ta gama girma ba. Wani kafinta a unguwarmu, wanda ya saba gyara wa makaɗa jita, shi ya yi mini ita.

Asalin abin daga Hawaii yake, inda baƙi 'yan Fotugal daga tsibirin Madeira suka sauka a 1879 da ƙananan jitocinsu, kuma da itacen koa ake yin ta can. Da na ambaci koa, dariya kafintan ya yi: "Yallaɓai, a ina? Ko 'Yan Katako ta Na'ibawa ka zazzage ba za ka samu ba. Ga maɗaci." Ashe maɗaci dangin mahogani ne, itacen da manyan kamfanonin Amurka suka daɗe suna yin ukulele da shi. Daga tsohuwar ƙofa ya yanko, ya kankare allon gaba har kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Idan ka ƙwanƙwasa shi da yatsa sai ya amsa kamar ƙwarya. Jakin da tsirkiya ke hawa kuwa, ƙashin saniya ya goge ya ɗora masa.

Sautin? Wallahi ban da ta cewa. Mai taushi ne, ba ya tsawa, ya fi na 'yar roba da na taɓa saya nesa ba kusa ba.

Amma da hunturu ya kankama, sai ta nuna hali. Itacen nan yana son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, Kano kuwa a Janairu ko leɓe tsagewa yake. Wuyan ya tsuke, bakin ƙarafan da ke kansa suka leƙo suna yagar mini yatsa. Maɗaurin tsirkiya ta uku ma ya riƙa sulluɓewa, kafin in gama waƙa ɗaya sautin ya sauka. Wannan kam laifin kafintan ne, ramin maɗaurin ya yi faɗi.

Na mayar masa. Bai yi musu ba, ya goge ƙarafan, ya cike ramin, ko sisi bai karɓa ba. Yanzu jiƙaƙƙen soso nake sakawa a gidan sabulu mai huji, in jefa cikin jakarta, in rufe har a yi ruwan fari.