Sharhi: sauke MediaWiki daga master zuwa REL1_43 da Git

Na ɗauke wiki mai aiki da manhajar MediaWiki daga reshen master, inda ake zuba sabon aiki kullum, na mayar da shi kan REL1_43, reshen sigar 1.43. Hukuncina a taƙaice: Git, manhajar da ke bibiyar sauye-sauyen fayiloli a rassa daban-daban, ya yi aikinsa tsaf, wahalar tana wajen rumbun bayanai.

Na zaɓi 1.43 ne domin fitowa ce mai dogon tallafi. Ta fito a Disambar 2024, za a ci gaba da gyara ta har ƙarshen 2027, kuma tana buƙatar yaren shirye-shirye na PHP, siga 8.1 ko sama da haka.

Kafin komai a kwafe rumbun da mysqldump, a ajiye fayil ɗin saituna LocalSettings.php da jakar images. Sai `git status`. Idan akwai fayil da aka taɓa da hannu, Git na iya ƙin sauya reshe, don haka a kawar da gyaran da `git stash`. Daga nan `git fetch`, sannan `git checkout REL1_43`. Wanda ya sauko da fayilolin MediaWiki da `--depth 1` ba zai ga reshen ba, domin master kaɗai aka kawo masa. Maganinsa `git fetch origin REL1_43:REL1_43`.

Abin da ya fi burge ni shi ne reshen fitowa yana zuwa da fatoci (skins, wato kamannin shafi) da ƙarin manhajojin (extensions) da aka saba haɗawa, `git submodule update --init --recursive` zai sauko da su. Amma duk wata ƙarin manhaja da aka ɗora daban, sai an shiga jakarta an sauya ta ita ma. In an bar ta a master, fayil ɗin bayaninta, extension.json, na iya neman sigar da ta fi 1.43, wiki ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Bayan haka `composer update --no-dev`, sai `php maintenance/run.php update`.

A nan ne na rage wa wannan sauyi maki. Wannan umarni na update gaba kawai yake kai tsarin teburori, ba ya komawa baya. Idan master ya riga ya wuce 1.43 kuma an sabunta rumbun a kansa, hanya mai aminci biyu ce: a dawo da tsohon kwafin rumbu, ko a jira fitowa ta gaba a sauka a kanta.

Reshe na fi so a kan alama (tag, wato shaidar siga guda a Git) irin 1.43.0. Alama a daskare take, shi kuwa reshe `git pull` ɗaya yana kawo gyaran tsaro.