Layin jariri ko jerin yaran da ke jiran iyali: ga wanda za ki ɗauka

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa ki dace. Kin tambaye ni wace hanya za ki bi wajen ɗaukar yaro riƙo. Tsakanin shiga layin jariri mai cikakkiyar lafiya daga ƙasar waje, wanda 'yan ejansin da ke shirya riƙon suka ce miki jiransa wata 18 zuwa 24 ne, da ɗaukar yaro daga jerin waɗanda ke jiran iyali, ki ɗauki na biyun. Ni da maigidana duk mun bi hanyoyin biyu, muna nan Amurka kamar ke. Ta farkon ta ci mana shekara uku da wata huɗu, muka fito hannu rabbana. Ta biyun kuwa, yanzu da nake rubuta miki, yaron yana ɗakin da ke kusa da ni yana barci.

Wata 18 zuwa 24 ɗin nan, ki koma ki tambaye su inda suka samo shi. Kusan kullum lissafin waɗanda aka kira a watan jiya ne, wato mutanen da suka shiga layi shekara biyu da ta wuce, lokacin da layin bai kai haka tsawo ba. Labarin jiransu ne ake karanta miki kamar naki. Naki jiran ya dogara ne da yawan kundin takardun da ke gabanki, da yawan yaran da ƙasar ke saki kowane wata, kuma na biyun nan ba wanda ke riƙe da shi, ko ejansi mafi gaskiya.

Abin da ya faru a Sin shi ne darasin da kowa ke komawa kansa. A 2005 yara kusan 7,900 aka kawo Amurka daga can, kuma jira bai wuce 'yan watanni ba. Hukumarsu tana bin ranar da aka yi wa kundinka rajista, ɗaya bayan ɗaya, kowane wata ta fitar da waɗanda ta haɗa da yara. Sai kundi ya yi ta shiga, yaran da ake saki suna raguwa, har ya zama a wata guda kundin 'yan kwanaki kaɗan ake gamawa. Iyaye suka riƙa zama da biro da takarda suna kintace. Ki gwada lissafin da kanki: a ce kwana 300 ne tsakanin ranar rajistarki da inda hukuma ta tsaya. In suna cin kwana 15 a wata, wata 20 za ki yi. In suka dawo kwana 5, ya zama wata 60, shekara biyar ke nan. In suka dawo kwana 3, wata 100. Ba ki motsa daga inda kike ba, ba wanda ya shiga gabanki, amma jiranki ya ninka sau biyar. Waɗanda suka yi rajista a 2006 da 2007 da tsammanin shekara ɗaya, da yawansu sun kusa shekara goma, wasu suka haƙura suka janye, wasu suka koma jerin yara masu buƙata ta musamman. A Satumbar 2024 Sin ta sanar cewa ta daina ba da yara riƙo zuwa waje gaba ɗaya, in ban da tsakanin dangi na jini da 'ya'yan miji ko na mata.

Kuma ƙarancin jarirai ba hatsari ba ne, haka tsarin yake tafiya. Yarjejeniyar Heg ta 1993, wadda ta tsara riƙon yara tsakanin ƙasashe, ta ce ba a fitar da yaro waje sai an duba yiwuwar samar masa iyali a ƙasarsa tukuna. Indiya, a dokarta ta 2015, tana ba iyalan gida da 'yan ƙasarta mazauna waje kwana 60 kafin baƙo ya samu dama, kuma dubban iyalai ne ke layi a can. Kolombiya ta daina karɓar sababbin takardun baƙi masu neman ƙananan yara lafiyayyu tun 2013. Jariri lafiyayye yana da masu sonsa a gida, kuma hakan alheri ne gare shi. Shi ya sa yaran da aka kawo Amurka suka sauko daga kusan 23,000 a 2004 zuwa ƙasa da 1,300 a 2023.

Abin kirki ɗaya da zan iya faɗa kan layin jariri: in har ya iso kanki, kin samu yaro ƙarami wanda bai daɗe a gidan marayu ba. In ya iso. Mu namu, a wata ƙasar Asiya, jiran gawon shanu muka yi. Amincewar hukumar shige da fice, wadda ake nema da fom I-800A, wata 15 take yi, don haka sai sabunta ta, a sake hoton yatsu, ma'aikaciyar binciken gida ta sake zuwa ta zauna a falonmu ta yi tambayoyin da ta yi bara. Duk wata uku amsar ɗaya ce, an kusa. Gadon jariri da muka saya, kyauta muka ba da shi.

Jerin yaran da ke jira kuwa a juye abin yake. A nan yaron ne ke layi. An riga an tabbatar a shari'a cewa za a iya ba da shi riƙo, an nema masa iyali a gida ba a samu ba, fayil ɗinsa yana ajiye. Yawanci yara ne da suka ɗan tasa, ko 'yan'uwa biyu uku da ba a son raba su, ko masu wata lalura: tsagewar leɓe da ganɗa, lanƙwasasshiyar ƙafa, raunin ji, matsalar zuciya, jinkirin magana. Jiran da za ki yi na takardu ne, kuma takardu ana iya ƙirga su, a san wace ke biye da wace.

Namu daga Bulgeriya ne, inda Ma'aikatar Shari'a ke riƙe da rajistar yaran. Shekararsa huɗu lokacin, rahoton ya ce yana da raunin ji a kunnuwa biyu, kuma bai fara magana ba. Tare da rahoton akwai wani ɗan bidiyo da bai kai minti biyu ba. Yana zaune a ƙasa yana jera murafen kwalabe a layi, ɗaya ya kauce, ya sa ɗan yatsa ya gyara shi, sannan ya ɗaga kai ya kalli mai ɗaukar hoton kamar yana jiran a ce masa ya yi daidai. Na kalli bidiyon nan ban san sau nawa ba. Amma ban ce e ba sai da muka kai fayil ɗin wurin likitar yara da ta saba duba irin waɗannan rahotanni, ta zauna da mu ta raba mana abin da ke jikinsa da abin da zaman gidan marayu ya jawo. Ki yi wannan ko zuciyarki ta riga ta tafi, ki yi shi musamman in ta riga ta tafi.

Tafiya biyu ake yi. Ta farko kwana biyar muka yi muna zuwa wurinsa safe da yamma. Kwana biyun farko ko kallonmu bai yi ba. Rana ta uku ya kama hannun maigidana, ya manna agogonsa a kumatunsa, ya yi shiru yana jin motsin agogon ta fata. Daga nan kullum da agogon yake fara gaisawa. Muka dawo muka bar shi, wannan ne jira mafi ɗaci da na taɓa yi, amma jira ne mai fuska da suna, na san wa nake jira, na san kotu ce ta rage sai fasfo sai biza. Daga ranar da na ga bidiyon zuwa ranar da muka sauka da shi, wata 14 ne. Makon da aka sa masa na'urar ji, ya tsaya a banɗaki yana buɗe famfo yana rufewa, yana juyowa yana kallona, ruwa ashe yana da murya. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka har na gode Allah.

Ba zan ɓoye miki nauyin ba. Shekararmu ta farko asibiti ce da malamar koyar da magana, sau biyu a mako. Ya daɗe yana jijjiga jikinsa kafin barci ya ɗauke shi, yana ɓoye takalmansa ƙarƙashin matashi don kada a ɗauke. Yaron da ya shekara huɗu ba shi da uwa tasa ta kansa ba ya sakin jiki don kawai kin buɗe masa hannu. Za su ba ki takarda mai jerin lalurori ki yi alama a kan waɗanda za ki iya ɗauka. Ki cika ta ke da maigidanki da dare, bayan kun duba inshorar lafiyarku, da nisan asibitin ƙwararru, da wanda zai iya ajiye aiki na 'yan watanni. Wadda kuka san ba za ku iya ba, ku bar ta ba tare da jin kunya ba, domin yaron ne zai ɗauki sakamakon alamar da aka yi don kara.

Wannan hanyar ma ana iya rufe ta a fuskarki, gaskiya ce. Lokacin da Sin ta rufe, akwai iyalan Amurka wajen 300 da an riga an haɗa su da yara, akasari masu buƙata ta musamman, tun kafin annobar korona ta tsayar da komai a 2020. Rasha ta hana Amurkawa daga farkon 2013, wasu sun riga sun je sun ga yaransu. Habasha ta rufe a Janairun 2018. Ba wanda ya fi ƙarfin wannan. Sai dai wanda zai tsaya shekara ɗaya a bakin ƙofa bai kai mai shekara shida shiga hatsarin a rufe ta yana tsaye ba.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, domin masu jiran da suka gaji su ne abincin 'yan damfara. Duk wanda ya ce zai samo miki jariri cikin wata uku ko shida don yana da mutum a ciki, ki rabu da shi. Haka wanda ya turo miki hoton jariri ta WhatsApp ko Facebook tun ba a amince da takardunki ba, ya ce ki tura kuɗi don a riƙe miki shi. Haka mai son kuɗi a asusun wani mutum, ko kuɗi a hannu ba rasit da sunan gudummawa. Yarjejeniyar Heg ta hana cin ribar da ba ta dace ba a kan riƙo, ta ce yardar uwa ba ta da inganci sai bayan ta haihu, ta kuma hana a haɗa ki da iyayen yaron kafin a tabbatar da yardarsu da cancantarki, sai in dangi ne ko hukuma ta yarda. Inda aka ga jarirai suna fita da sauri, a bincika da kyau. Guwatemala ta tura yara fiye da 4,000 Amurka a 2007 kaɗai, aka rufe shirin saboda saye da satar jarirai. A Maris ɗin 2025 hukumar bincike ta Koriya ta Kudu ta tabbatar cewa an riƙa rubuta yara a matsayin marasa kowa alhali iyayensu na raye. Wata uwa tana can tana neman ɗanta, ke kuma kin biya kina zaton taimako kika yi. Wannan ya fi asarar kuɗi muni nesa ba kusa ba.

Tun Yulin 2014 doka ta wajabta wa duk ejansin Amurka da ke wannan aiki samun lasisin tantancewa, ko ƙasar da za a ɗauko yaron tana cikin yarjejeniyar ko ba ta ciki, kuma sunayensu suna shafin Ma'aikatar Harkokin Waje. Ki duba sunan naki a can kafin ki sa hannu a komai. Sannan ki tambaye su a rubuce: iyalai nawa ne a layinku na wannan ƙasa yanzu, kuma yara nawa aka haɗa muku da iyalai a shekarar da ta wuce? Ki raba na farko da na biyu. In iyalai 40 ne, yara 8, shekara biyar ce, ko da romon baka ya ce biyu. In suka ƙi ba ki alƙaluman, kin samu amsarki. Ki tambayi kuma abin da za a mayar miki in ƙasar ta rufe ko su suka rufe.

In batun suna da nasaba yana damunki, kamar yadda ya dame mu, ki sani tun yanzu cewa yarjejeniyar 1993 ta shafi riƙon da ke mayar da yaro ɗa a shari'a ne, kafala, wato riƙon Musulunci da ba ya sauya nasabar yaro, ba ta cikinta, hanyarta daban ce. Ki zauna da malami da lauyan shige da fice kafin ki zaɓi ƙasa. Mu mun bar masa sunan da aka haife shi da shi, kuma duk takardar da ta zo da shi tana cikin akwati guda, ranar da ya tambaya zan buɗe masa.

Ki kira ejansin gobe ki ce a turo miki takardar lalurorin, ki kuma gaya wa mai binciken gidanku ta rubuta amincewar da faɗi, shekaru har zuwa shida ko bakwai, da lalurorin da kuka yarda da su, don kada ki ga yaronki a jerin ki tarar takardarki ba ta kai gare shi ba. In kin samu fayil, ki yi mini magana in gaya miki tambayoyin da muka yi wa likita.